Faifan Mahler na 1938: kiɗan ake yabo ko tarihin?

Wani ɗan'uwa da bai daɗe da fara sauraron kiɗan manyan ƙungiyoyin makaɗa na Turai ba ya aiko mini da tambaya. Ya ce an yi ta yaba masa wani tsohon faifai na Simfoni ta Tara ta Gustav Mahler (simfoni dogon kiɗa ne mai babi-babi da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa), wanda Bruno Walter ya jagoranta a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1938, aka ɗauka kai tsaye a gaban jama'a. Da ya nemo ya kunna, sai ya ji shuuu kamar ana yayyafi a kan kwano, ga tarin 'yan kallo, ga makaɗa suna tuntuɓe nan da can, kuma kiɗan gaba ɗaya kamar ana kora shi da bulala. Shi ne yake so ya sani: kunnensa ne bai kai ba, ko kuwa tarihi kawai mutane suke yabo? In kuma guda ɗaya zai riƙe, wanne ya kamata ya riƙe?

Malam, kunnenka lafiya lau yake. Duk abin da ka lissafa yana cikin faifan, kuma wanda ya ce maka babu shi bai saurara da kyau ba. Na shafe shekaru ina aikin ɗaukar sauti, kuma wannan faifai yana cikin 'yan kaɗan da nake komawa gare su duk shekara, amma ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Abin da nake so in nuna maka shi ne dalilin da ya sa aibin yake wurin, da kuma abin da ke bayan aibin wanda ba za ka same shi a wani faifai ba ko nawa ka kashe.

Bari in fara da kiɗan kansa a taƙaice. An haifi Mahler a 1860 a yankin Bohemiya, a gidan Yahudawa, ya rasu a Biyana ranar 18 ga Mayu, 1911 yana da shekara 50. Yana cikin mutanen ƙarshe na zamanin da masana kiɗa ke kira zamanin Romantik, wato zamanin da mai tsara kiɗa ya mayar da abin da ke cikin zuciyarsa shi ne kan gaba. Zuwa ƙarshen wannan zamani, tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, komai ya kumbura: makaɗa sun kai ɗari a kan dandamali, simfoni ɗaya tana cin fiye da awa guda, kuma sautuka suna ta zamewa daga wannan mazauni zuwa wancan, ana ja wa kunne rai kafin a sauke shi inda zai huta. Simfoni ta Tara tana bakin iyakar wannan zamani. Mahler ya rubuta mafi yawanta a bazarar 1909, a wata 'yar bukka da ke kusa da Toblach, cikin duwatsun da a yau suke ƙasar Italiya. Shekara biyu kafin nan, a 1907, abubuwa uku suka same shi a jere: babbar 'yarsa Maria ta rasu tana ƙaramar yarinya, likita ya gano yana da lahani a zuciya, sannan ya bar shugabancin gidan opera na Biyana, inda ake wasan kwaikwayo cikin waƙa, bayan shekara goma. Bai taɓa jin wannan simfoni da kunnensa ba. Sai bayan rasuwarsa aka fara kaɗa ta, ranar 26 ga Yuni, 1912, a Biyana, kuma wanda ya riƙe sandar jagoranci a ranar shi ne Bruno Walter.

Ka riƙe wannan sunan da wannan shekarar. Walter ba baƙo ba ne ga Mahler. Tun 1894, yana saurayi ɗan shekara 18, ya fara aiki a ƙarƙashinsa a gidan opera na Hamburg, daga baya ya bi shi Biyana a 1901. Ya ga yadda Mahler yake horar da makaɗa, ya san yadda yake numfashi a cikin jimlar kiɗa, inda yake jan lokaci da inda yake sakinsa. A al'adar da ake koyon sana'a daga bakin malami, kowa ya san darajar almajirin da ya zauna a gaban malam shekara da shekaru. To faifan da ka saurara shi ne karo na farko da aka ɗauki wannan simfoni cikakkiya a tarihi, kuma almajirin ne ya jagorance ta, tare da ƙungiyar da ta fara kaɗa ta, wato Filharmonik ta Biyana.

Yanzu ga batun ƙara da tuntuɓe, wanda shi ne ɓangaren sana'ata.

An yi wasan ne ranar Lahadi, 16 ga Janairu, 1938, a babban zauren Musikverein, zauren da aka buɗe a 1870, mai siffar dogon akwati, wanda har gobe ana lissafa shi cikin zaurukan da sauti ya fi daɗi a duniya. Kamfanin HMV na Ingila ne ya ɗauka, kamfanin nan mai tambarin kare a gaban garmaho, a ƙarƙashin kulawar Fred Gaisberg, mutumin da tun farkon ƙarnin yake yawo da na'urar ɗaukar sauti ƙasa-ƙasa. A lokacin kamfanonin faifai ba su fara aiki da tef ba. Sautin da makirfo ya kama yana tafiya ta waya zuwa wata allura, allurar kuma tana sassaƙa shi kai tsaye a kan faranti mai laushi na kaki, mai kama da kakin zuma, da ke juyawa sau 78 a minti ɗaya. Abin da allura ta yanka ya yanku, zarar bunu ce. Ba a yanke wani wuri a liƙa wani, ba a goge kuskuren mai ƙaho a saka masa wanda ya busa daidai jiya.

Sannan kowace fuskar faifai ba ta ɗaukar fiye da minti huɗu da 'yan kai. A sutudiyo wannan ba matsala ba ce sosai, domin makaɗa sukan kaɗa minti huɗu su tsaya, a canza faranti, su ci gaba. Amma a gaban jama'a ba ka isa ka tsayar da simfoni ba. Dabarar da aka yi ita ce na'urori biyu suna karɓa-karɓa: kafin farantin wannan ya cika an tayar da waccan, a daidai wurin da aka riga aka auna tun lokacin gwaji. In madugu, wato mai jagorantar makaɗan, ya ɗan ja kiɗa fiye da yadda ya yi a gwaji, lissafi ya rikice. Duk wanda ya taɓa zama a gaban na'ura ana wasa kai tsaye ya san irin zufar da ke karyo wa mutum a irin wannan lokaci, balle a ce abin da ke hannunka kaki ne, kuma babu zagaye na biyu. A haka aka samu simfonin a kan faifai 10, fuska 20.

Shuuu ɗin da ka ji kuwa ba daga zauren yake ba. Daga jikin faifan yake. A wancan zamani faifan garmaho ana yin sa ne da wani ƙaro da ƙwari ke samarwa, a cakuɗa shi da garin dutse, don haka allura tana bi ta kan tsakuwa-tsakuwa masu ƙanƙanta tana ƙara. Ga kuma wata matsala da ta fi damun kiɗa irin na Mahler. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfin sautinsa da mafi laushinsa tana da girma ƙwarai, faifan kuwa ba ya iya ɗaukar wannan tazara. In sauti ya yi ƙarfi da yawa allura ta tsallaka layi, in ya yi laushi da yawa ƙarar faifai ta haɗiye shi. Dole mai na'ura ya riƙa danne mai ƙarfi yana ɗaga mai laushi. Shi ya sa inda ya kamata zaure ya girgiza sai ka ji kamar an toshe bakin tulu, kuma sautukan sama-sama masu ƙyalli duk sun yanke. Wannan rashi ne na gaske, ban rage masa komai ba.

Amma akwai abin da kunnen ɗan Adam yake yi wanda nake so ka gwada. Ka kunna faifan a lasifika mai ɗan girma, kada ka yi amfani da bakin waya, ka zauna minti goma ba ka taɓa komai ba. Ƙarar da ba ta canzawa ƙwaƙwalwa tana ture ta gefe da kanta, kamar yadda mai kwana kusa da injin niƙa yake daina jin sa. Bayan minti goma shuuu ɗin zai ja baya, zauren ya buɗe. Kuma ka lura da wanda ka samu, domin kamfanoni da dama sun sake fitar da wannan faifai, kowa da irin wankin da ya yi masa. Wasu sun kankare ƙarar har suka kankare naman sautin goge tare da ita, ya koma siriri kamar ana busa ta cikin kara. Ni na fi son wanda aka bar masa ɗan ƙararsa.

To idan zauren ya buɗe, me za ka ji?

Abu na farko shi ne masu goge. Ka kasa kunne a farkon babi na ɗaya. Celo, wato babban goge mai kaurin murya, da ƙaho suna fara wani bugu mai ɗingishi, wanda mutane da yawa suke jin sa kamar bugun zuciyar da ba ta da lafiya, sai molon tsaye mai tsirkiya da yawa ya saki sautuka huɗu kamar ƙararrawa daga nesa, sannan rukuni na biyu na masu goge su shigo da sautuka biyu kacal, na biyun ƙasa da na farko, kamar ajiyar zuciya. Daga waɗannan sautuka biyu aka gina babin gaba ɗaya, kusan minti 25. Abin da za ka lura da shi a faifan 1938 shi ne yadda masu gogen suke tafiya daga sauti zuwa sauti. Maimakon su ɗaga yatsa su dire a wuri na gaba tsaf, sau da yawa sukan zame da yatsan a kan tsirkiya, sai sautin ya ja kamar muryar mutum mai kuka ko mai rarrashi. Kunnen da ya saba da goge da kukuma ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mahler ya rubuta irin wannan zamewa a wurare da dama a takardar kiɗansa, kuma mutanen da ke kan dandamali a 1938 sun taso ne da ita tun suna yara, harshensu ne na gida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu makarantun kiɗa suka ɗauke ta a matsayin ƙazanta, aka yi ta wanke ta har ta kusa ɓacewa. Makaɗan yau suna yin ta idan takarda ta ce a yi, amma kana jin cewa umarni suke bi. A faifan nan ba umarni ba ne.

Haka kuma girgiza yatsa da ake yi don sauti ya yi rawa. Madugu ɗan Ingila Roger Norrington ya daɗe yana kafa hujja da wannan faifai cewa makaɗan Biyana na lokacin ba sa girgiza yatsa a kowane sauti kamar na yau. Wasu masana sun musanta masa, suka ce girgizar tana nan, siririya ce kawai. A nawa kunnen tana nan, amma ana saka ta ne kamar gishiri, inda ake bukata. Ko wane ɓangare ka bi, abin lura shi ne faifan ya zama shaidar da ake kawowa gaban alƙali idan ana gardamar yadda kiɗan zamanin Mahler yake a kunne.

Na biyu, kayan busa. Biyana tana da irin nata ƙaho da babu mai amfani da shi sosai a wani wuri. Bututunsa ya fi tsawo a kan wanda yawancin ƙungiyoyi suka koma amfani da shi, sautinsa ya fi kauri da ɗumi, amma a sautukan sama ya fi saurin kuɓuce wa mai busa. Wani ɓangare na tuntuɓen da ka ji kuɗin wannan sautin ne ake biya. Obo ɗinsu ma, wanda ɗan'uwan algaita ne ta wajen yadda bakinsa yake, daban yake da na Faransa da duniya ta ɗauka. Har yau ƙungiyar tana riƙe da waɗannan kayan biyu.

Babi na biyu rawar ƙauyen Ostiriya ce da ake kira Ländler, Mahler ya ce a kaɗa ta da ɗan nauyin ƙafa da kaushi, kuma waɗannan mutane ba sai an koya musu ita ba. Babi na uku kuwa, nan ne ƙorafinka ya fi ƙarfi, kuma nan ne zan ba ka gaskiya. Kiɗa ne mai fushi, muryoyi da yawa suna sara da sassaƙa a lokaci guda, yana cikin mafi wuyar abin da Mahler ya rubuta. A 1938 simfonin ba abin da ake kaɗawa kullum ba ne, yatsun makaɗan ba su haddace ta ba kamar na jikokinsu. Zuwa ƙarshen babin Walter yana ƙara wuta, kuma akwai wuraren da ƙungiyar take kusa da wargajewa, wasu suna gaba wasu suna biye. Ba zan ce maka wannan ado ba ne. Kuskure ne. Sai dai kuskure ne na mutanen da suka zaɓi su bi madugu zuwa bakin rami maimakon su ja da baya su tsira da mutuncinsu, kuma a babin da ma'anarsa ita ce duniya tana neman ƙwacewa, wannan zaɓi yana faɗin wani abu da kiɗa mai tsabta ba ya faɗa.

Sai babi na ƙarshe, Adagio, wanda saboda shi ne yawancin mutane suke ƙaunar simfonin. A nan ne batun sauri ya fi fitowa fili. Walter ya gama shi a cikin minti 18 da 'yan daƙiƙu, simfonin duka kuma wajen minti 70. Shi da kansa, da ya sake ɗaukar ta a sutudiyo a Los Angeles a 1961, ya ba babin wajen minti 21. Madugu Leonard Bernstein, tare da ƙungiyar Concertgebouw ta Amsterdam a 1985, ya kai shi kusan minti 30. Takarda ɗaya ce, amma tazarar ta haura minti goma. Idan da irin na Bernstein ka fara, dole na 1938 ya zo maka kamar ana gudu.

Ka sake saurara, amma a wannan karon ka gwada rera layin gogen da bakinka. A saurin Walter za ka iya kai jimla ƙarshenta da numfashi ɗaya ko biyu. A saurin da ya kai minti 30 ba za ka iya ba, jimlar ta fi ƙarfin ƙirjin mutum, ta koma wani abu da kake kallo daga nesa kamar faɗuwar rana. Duka biyun suna da hujja. Amma na Walter waƙa ce ta mai rai wanda bai gama son duniya ba, yana riƙe da ita da hannu biyu. Mun saba jin wannan babi a matsayin sallama ta wanda ya riga ya haƙura. A faifan 1938 ba a haƙura ba sai a shafi na ƙarshe, inda kayan busa duk suka yi shiru, masu goge kaɗai suka rage, jimloli suna yankewa, shiru yana shiga tsakaninsu yana ƙara tsawo. A wurin Mahler ya saƙa ɗan layi daga wata tsohuwar waƙarsa ta makokin yara, kuma a kan sautukan ƙarshe ya rubuta kalmar Jamusanci da ke nufin a bar shi ya mutu a hankali. Saboda an zo wurin da zafi, sanyin nasa ya fi ratsa jiki. Wannan ne dalilin da ya sa nake komawa.

Yanzu tarihin, wanda ba zai yiwu a tsallake shi ba. Walter Bayahude ne, an haife shi a Berlin a 1876. Da 'yan Nazi suka hau mulki a Jamus a 1933 aka hana shi wasanninsa a Leipzig da Berlin, aka kuma haramta kiɗan Mahler, ya koma Ostiriya. Mako takwas bayan wannan wasa, ranar 12 ga Maris, 1938, sojojin Jamus suka shiga Ostiriya aka haɗe ta da Jamus. Walter yana Amsterdam a lokacin. An kama 'yarsa Lotte a Biyana, sai daga baya aka samu aka fitar da ita. Shi kuma ya zauna Faransa, a 1939 ya wuce Amurka, inda ya rasu a 1962.

A kujerar farko ta masu goge a wannan rana akwai Arnold Rosé, tsoho ɗan shekara 74, wanda yake shugaban masu goge a gidan opera na Biyana tun 1881. Surukin Mahler ne, ƙanwarsa Justine yake aure. Bayan shekara 57 a wannan kujera aka sallame shi, matarsa ta rasu a shekarar, ya tsere Landan, ya rasu a can a 1946. 'Yarsa Alma, ita ma gwanar goge, ta mutu a sansanin Auschwitz a 1944, inda aka sa ta jagorantar ƙungiyar makaɗa ta mata fursunoni. Babban mai celo na ƙungiyar, Friedrich Buxbaum, shi ma Landan ya gudu. Binciken da masana tarihi suka yi wa ƙungiyar, wanda aka bayyana a 2013, ya nuna an kori makaɗa 13 a 1938, mutum biyar daga 'yan ƙungiyar sun halaka a hannun 'yan Nazi, kuma zuwa 1942 mutum 60 daga cikin 123 'yan jam'iyyar Nazi ne. Wasunsu tun kafin a haɗe ƙasar suke ciki a ɓoye. Ma'ana, a kan wannan dandamali, a wannan Lahadi, wanda za a kora da wanda zai zauna suna karanta takarda ɗaya, izgarsu tana hawa da sauka tare.

A nan nake rabuwa da masu yabon da suka turo ka. Da yawansu suna cewa saurin da zafin da ke cikin faifan tsoro ne, wai makaɗan sun hango abin da ke tafe. Ina girmama wannan ji, amma ban yarda a mayar da shi hujja ba. Mu ne muka san abin da ya faru a watan Maris. Su a watan Janairu suna cikin fargaba kamar kowa a Biyana, amma mai ƙaho da ke jiran shigarsa tunaninsa yana kan leɓensa. Kuma tsofaffin faifan wancan zamani gaba ɗaya sun fi na yau sauri a irin waɗannan babobi masu nauyi. Jan su sosai ɗabi'a ce da ta yi ƙarfi daga baya. Walter ya ɗauki wani babban aikin Mahler kai tsaye a wannan zaure a 1936, kuma a can ma ba ya jan ƙafa. Idan muka ce duk darajar faifan tsoron 'yan Nazi ce, mun rage wa waɗannan mutane. Ba waɗanda aka zalunta kawai ba ne, gwanaye ne da suka gaji wata hanyar kiɗa daga hannun mai ita, kuma darajar faifan ita ce ya kama wannan hanya tana aiki, da cikakken ƙarfinta, kafin a watsa masu ita. Tarihin yana ƙara nauyi a zuciya, haka ne, ni ma ba na iya jin gogen farko ba tare da tuna Rosé ba. Amma ko da ba ka san komai daga abin da na faɗa ba, kiɗan yana tsaye da ƙafarsa.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani game da kalmar "kai tsaye" da kake gani a bayan faifan zamani. Yawancinsu an ɗauke su ne a wasanni biyu ko uku, wani lokaci har da gwajin ƙarshe, sannan bayan jama'a sun watse a riƙe makaɗa su maimaita wuraren da aka yi tari ko aka yi kuskure. Mai haɗa sauti ya zauna a gaban kwamfuta ya ɗinke su, ɗinkin da kunne ba ya ganewa. Ban ɗauki wannan a matsayin yaudara ba, na yi irinsa da hannuna, kuma sau da yawa shi ne ya fi yi wa kiɗa adalci. Sai dai abin da ka samu a ƙarshe wasa ne da ba a taɓa yin sa a wata rana guda ba. Waɗanda ba a taɓa su ba kaɗan ne. Bernstein ya jagoranci Filharmonik ta Berlin a shiri ɗaya tak a rayuwarsa, a watan Oktoba na 1979, kuma wannan simfonin ce suka kaɗa. Gidan rediyo ya ɗauka, aka fitar da faifan a 1992 bayan rasuwarsa. A ƙololuwar babi na ƙarshe masu tirombon, wato manyan kakaki masu kaurin murya, ba su shigo ba sam, wurinsu fayau. An fitar da shi a haka, kuma mutane suna ƙaunarsa a haka. Herbert von Karajan kuwa ya ɗauki simfonin a sutudiyo da wannan ƙungiya ta Berlin, ba a jima ba aka sake ɗaukar ta kai tsaye a bikin kiɗa na Berlin a watan Satumba na 1982, kuma na biyun ne ya shahara har ya danne na farko. Mutumin da aka sani da son tsabtar sauti fiye da kowa, shi ma abin da ya samu a gaban jama'a ya fi wanda ya samu a ɗaki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya yi aikin. A sutudiyo kowane makaɗi ya san in ya faɗi za a sake, don haka yana kiɗa ne don kada ya yi kuskure a minti biyar ɗin da ke gabansa. A gaban jama'a ya san tafiyar minti 80 ce ba tsayawa, dole ya yi tanadin ƙarfinsa, kuma gajiyar da ke hannunsa a babi na huɗu gajiya ce ta gaske da ya tara tun daga na ɗaya. Simfoni irin wannan an gina ta ne a kan wannan tarin. Shirun jama'a ma sauti ne, makirfo yana kama shi, kuma shirun mutum fiye da dubu da suka riƙe numfashi daban yake da shirun zauren da babu kowa.

Game da tambayarka ta ƙarshe, kada ka riƙe na 1938 shi kaɗai, kuma kada ka fara da shi. Mahler ya cika takardarsa da ƙananan abubuwa, sarewa a can ƙurya, ƙaho da aka toshe bakinsa, ƙararrawa mai zurfi, waɗanda kaki bai iya kamawa ba, kuma haƙƙinka ne ka ji su. Ka fara da na Karajan na 1982 in sauti kake so. In kana son ka gani da ido, ka nemi bidiyon Claudio Abbado da ƙungiyar bikin Lucerne na 2010, inda ake rage fitilun zaure a shafin ƙarshe, kuma bayan sautin ƙarshe jama'a suka yi wajen minti biyu ba wanda ya tafa. Ka saurare shi sau uku ko huɗu a makonni daban-daban, har ka san hanya, ka san inda tirombon suke rushe babi na ɗaya da bugun nan mai ɗingishi na farko, ka san inda ƙaramin kakaki yake kawo ɗan haske a tsakiyar babi na uku da layin da zai dawo ya zama jigon na huɗu. Idan ka san hanyar, ƙwaƙwalwarka za ta cike abin da tsohon faifan ya rasa, sai kunnenka ya samu sarari ya ji abin da shi kaɗai yake da shi. A lokacin ne za ka koma Biyana, ka zauna da shi daga farko har ƙarshe ba tare da ka tsallake ko fuska ɗaya ba.

Kafin a fitar da faifan sai da aka nemi amincewar madugu, kamar yadda aka saba. Zuwa lokacin da aka gama sarrafa farantan, Walter ba shi da gida a Biyana. A Faris Gaisberg ya same shi ya kunna masa faifan gwaji, ya saurara ya amince. Faifan ya fito a Ingila a lokacin da an riga an haramta kiɗan Mahler a zauren da aka ɗauke shi.